Garwashi Ke Cin Gida: Yadda Nake Gyara Gini Don Ya Tsallake Wutar Daji

Sana'ata gini da rufi ce, kuma a 'yan shekarun nan yawancin masu kirana mutane ne da gidajensu ke bakin daji ko gindin tsauni, inda ciyawa ke bushewa ƙayau idan rani ya yi nisa. Tambayarsu ta farko kusan ɗaya ce: "Malam, wane irin bango za a yi mini wanda wuta ba ta ci?" Ni kuwa sai in ce a ba ni tsani da tocila tukuna, a kuma nemo tsintsiya. Wasu sukan ɗauka wasa nake yi, wasu ma su ga kamar raini ne. Sai mun zagaya gidan tare, na nuna musu busasshen ganyen da ya cika magudanar rufi, da itacen da aka jingine a bango, da kafar da ke ƙarƙashin ƙofar gareji wadda yatsa ke shiga, sannan maganar bango ta koma baya.

Dalilin shi ne yadda gida ke kamawa. Hanya uku wutar daji take bi. Akwai harshen wuta da ke lasar ginin kai tsaye. Akwai hucinta, wanda ke gasa katako da gilashi daga nesa ba tare da ya taɓa su ba. Akwai kuma garwashi: ɓawon itace da ganye da ƙananan rassa masu ci, waɗanda iska ke kwasowa ta watsa gaba da wutar, wani lokaci fiye da kilomita guda. Wannan na ukun shi ne ke cin mafi yawan gidaje. Yakan zo tun wutar ba ta iso ba, ya ci gaba da zuba bayan ta wuce, ya shiga duk lungun da iska ke tara shara, ya kwanta yana ci a hankali. Sau da yawa gida yakan kama ne bayan awa ɗaya ko biyu, lokacin da babu kowa a wurin da zai zuba masa ko da bokiti guda. Shi ya sa a hotunan bayan gobara kakan ga gida ya zama toka, bishiyar da ke kusa da shi kuwa da korayen ganyenta.

Wani mai bincike na hukumar kula da gandun daji ta Amurka, Jack Cohen, ya gwada wannan a ƙarshen shekarun 1990 a arewacin Kanada. An kafa bangayen katako a nisan mita 10 da 20 da 30 daga daji, aka cinna wa dajin wuta irin mai cin kan bishiyoyi. Na mita 10 sun babbake, wasunsu sun kama. Na mita 20 da 30 ba su kama ba. Babbar wutar takan wuce wuri cikin ɗan lokaci kaɗan, ba ta daɗewa har ta gasa katako mai kauri daga nesa. Abin da ya fito daga aikinsa shi ne, tsirar gida ta dogara ne a kan shi kansa ginin da kuma kamar mita 30 da ke kewaye da shi. Wannan labari ne mai daɗi ga mai gida, domin dajin ba naka ba ne, iskar ma ba taka ba ce, amma waɗannan mitoci suna hannunka.

Mita ɗaya da rabi na farko

Nan nake fara kowane aiki, kuma nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Ka ɗauki ma'auni ka auna mita ɗaya da rabi daga jikin bango, ka zagaye gidan kaf, har da baranda da matakala. A cikin wannan zobe kada a bar komai da ashana za ta iya kunnawa. Ƙasa ta zama tsakuwa, ko daɓen siminti, ko bulo da aka shimfiɗa, ko ma tsurar ƙasa da aka share. Dalili kuwa, idan iska ta bugi bango ƙarfinta yakan karye, sai ta zubar da abin da ta ɗauko a gindinsa. Duk inda ka ga ganye na taruwa da rani, nan garwashi zai taru ranar gobara. Ba ka buƙatar injiniya ya nuna maka. Ganyen ya riga ya zana maka taswira.

Abubuwan da nake yawan cirewa a wannan zobe: tarin itace, kwalaye, tsofaffin tayoyi, kwandon shara na roba, kujerun roba, jarkar fetur, ɓawon itace da dusar katako da ake zubawa a gindin furanni don riƙe danshi, da kuma shuke-shuken ado da aka dasa daf da taga. A kan na ƙarshen nan ake yin gardama. Wata baiwar Allah ta ce mini, "Malam, komai ka cire, amma wannan furen mahaifiyata ce ta dasa shi." Ban sare shi ba. Mun haƙo shi da saiwarsa muka mayar da shi can gaba, mita biyar daga bango, ya kuma rayu. Shuka mai mai a jikinta, ko mai tara busassun rassa a cikinta, idan tana ƙarƙashin taga to murhu ce ka haɗa wa gilashinka.

A gobarar garin Lahaina da ke jihar Hawai ta Amurka, ranar 8 ga Agusta 2023, wadda ta kashe mutum kusan 100, hoton wani gida mai jan rufi ya zagaya duniya, yana tsaye shi kaɗai cikin toka. Gidan katako ne mai shekara kusan 100. Masu shi sun yi masa gyara ba da daɗewa ba: sun sa rufin ƙarfe mai kauri, sun cire shuke-shuken da ke jikin bango, sun zuba duwatsu kewaye da shi kamar faɗin mita guda. Abin mamakin, gara mai cin katako suke gudu da suka yi hakan, ba wuta ba. Gaskiya ne wurin da gidan yake ya taimaka, teku na gefe guda, titi da fili na raba shi da maƙwabta, kuma akwai rabo a ciki. Amma garwashin da ya sauka a gindinsa bai sami abin ci ba.

Wani abu da ke tafiya tare da wannan: santimita 15 na ƙasan bango, daga ƙasa zuwa sama, su zama abin da ba ya ci. Idan bangonka na katako ne ko na roba kuma ya sauko har ƙasa, ka cire layin ƙasa ka maye shi da siminti, ko bulo, ko fallen ƙarfe.

Rufi

Rufi shi ne babban faranti da ke tare duk abin da ya faɗo daga sama. Idan na ciyawa ne ko na ɓantaren katako, babu dabarar da zan koya maka wadda ta wuce sauya shi; maganin da ake fesawa don hana kamawa rana da ruwan sama suna wanke shi, kuma ba na son mutum ya kwanta da zuciya ɗaya a kansa. Kwano, tayil na yumɓu ko na siminti, da rufin kankare duk ba sa ci. A Amurka ana rarraba rufi aji-aji bisa gwajin wuta, mafi ƙarfi shi ne aji A, shi ake nema a wuraren haɗari.

To amma mai rufin kwano kada ya saki jiki. Kwanon ba ya ci, abin da ke ƙarƙashinsa yana ci. Ka duba bakin rufi: kowane tudu na kwanon ya bar 'yar kafa tsakaninsa da katakon da ya hau. Ka duba tsororuwa, inda aka kifa hular rufi: nan ma kafofi ne a jere. Tayil mai siffar rabin bututu ya fi muni, domin bakinsa a buɗe yake, tsuntsaye su shiga su yi sheƙa, ka ga an tara maka busasshiyar ciyawa a kan rafta. Na taɓa cire sheƙa cike da buhu biyu daga bakin rufi ɗaya. Waɗannan kafofi ana toshe su da audugar dutse (audugar gini da ake yi da narkakken dutse, ba ta ci), ko ragar ƙarfe, ko kwaɓin siminti a bakin tayil. Kada a cusa soso ko kumfar roba, narkewa suke yi.

Ga gwajin da nake yi, kai ma za ka iya. Da rana tsaka ka hau cikin silin, ka kashe tocila, ka jira idonka ya saba da duhu. Duk inda ka ga haske ya tsirgo, ka yi masa alama da alli. Sannan ka riƙe ƙusa siririya mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Duk kafar da ta shige, garwashi zai shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma cikin silin wuri ne busasshe mai zafi, cike da ƙura da katako, galibi har da kwalayen tsofaffin kaya. Wutar da ta kama a can ba a ganinta sai ta gama cin rafta. Kwalayen nan ma a sauko da su.

Magudanar ruwan rufi, wadda wasu ke kira gota, ita ce ta fi ba ni aiki. Ganye ya cika ta, ya bushe, garwashi ya sauka, wuta ta tashi daidai bakin katakon rufi. Ta roba takan narke ta faɗo da wutar a gindin bango. Ta ƙarfe takan tsaya a wurinta tana gasa katakon. Na fi son ta ƙarfe, da murfin ragar ƙarfe a kanta, da fallen kwano da aka lanƙwasa ya rufe katakon bakin rufin. Duk da murfin sai an hau an duba, don ƙananan ganye da ƙura suna ratsawa. Haka kwarin da rufi biyu suka haɗu, da inda rufi ya jingina da bangon bene, da ƙarƙashin faifan sola idan akwai. Idan gidan yana da bututun hayaƙi, a sa masa ragar tare tartsatsi, a kuma sare duk reshen da ya matso shi ƙasa da mita 3. Tagar rufi ta roba a sauya ta da ta gilashi.

Kafofin shan iska

Gida yana buƙatar numfashi. Kafofin da ake bari a ƙarƙashin bakin rufi, da jikin bango, da ƙasan daɓen katako, su ke fitar da danshi da zafi. Na ga wanda tsoro ya sa ya toshe su duka da siminti, bayan damina biyu rafta ta fara ruɓewa. Ba a toshewa, raga ake sa musu. A jihar Kalifoniya ta Amurka ana neman idon ragar ya kasance tsakanin milimita 1.6 da 3.2, ƙa'idar gini ta Ostareliya ta wuraren gobarar daji, AS 3959, ta tsaya a kan milimita 2. Ni nakan bi ta Ostareliya idan na sami kayan. Ragar ta zama ta ƙarfe marar tsatsa ko ta tagulla. Ragar sauro ta roba ba ta da amfani a nan ko kaɗan, alminiyom kuma yana narkewa a digiri 660, don haka ba na sa shi inda nake tsammanin harshen wuta zai kai.

Raga mai ƙananan ido tana toshewa da ƙura da yanar gizo, mai fenti kuma idan bai kula ba zai shafe ta ruf. A riƙa goge ta da buroshi sau ɗaya a shekara. Ƙarƙashin bakin rufi, idan a buɗe yake ana ganin rafta, a rufe shi da allon siminti, domin nan zafi ke taruwa idan wani abu yana ci a gindin bango. Ƙananan kafofin da magina ke bari a layin ƙasa na bangon bulo don ruwa ya fita, su ma a cusa musu raga. Ƙasan ƙofofi da gefen ƙofar gareji a sa musu abin toshe kafa, a kuma tuna abin da ke bayan ƙofar garejin: fetur, fenti, tsumma.

Taga da bango

Gilashi ba ya ci, amma yana fashewa. Huci yakan zafafa tsakiyarsa alhali gefen da ke cikin firam yana da sanyi, sai ya tsage ya zube, daga nan garwashi ya shiga ya sami labule da katifa. Gilashin da aka ƙarfafa da zafi, irin na tagar gefen mota wanda ke rugujewa kamar tsakuwa, ya fi na gama-gari juriya nesa ba kusa ba. Mafi kyau shi ne mai falle biyu, aƙalla ɗaya daga ciki ya zama ƙarfafaffe. Idan kuɗi bai kai a sauya duka ba, a fara da manyan tagogin da ke kallon daji, ko gangare, ko gidan maƙwabci. Firam na roba yana laushi ya saki gilashin, sai dai in da ƙarfe a cikinsa. Murfin taga na ƙarfe da ake rufewa daga waje yana da kyau ƙwarai, da sharaɗin akwai wanda zai rufe shi kafin a fita. Ragar ƙarfe a wajen taga ma tana rage huci, tana tare garwashi.

Bango, wanda kowa ke fara tambaya a kansa, shi ne na kusa da ƙarshe a lissafina. Bulo, dutse, kankare, ginin ƙasa mai kauri, shafen siminti, allon siminti: duk suna yi. Idan naka ɗaya ne daga cikinsu, aikinka kawai neman tsaga da ramukan da masu famfo da masu wayar lantarki suka huda suka bari, ka cike su. Bangon roba yana narkewa ya tsiraita abin da ke bayansa. Na katako mai kauri, in dai ba ruɓaɓɓe ba ne kuma babu abin da ke ci a gindinsa, ya fi yadda mutane ke zato juriya, shi ya sa ba na gaggawar cewa a ɓamɓare shi. Wanda ya kashe duk kuɗinsa a bango ya bar gota cike da ganye, ya sayi ƙofar ƙarfe ne ya bar taga a buɗe.

Baranda da shinge

Dandamalin katako da ke manne da gida wani ɓangare ne na gidan, haka wuta take ɗaukarsa. Ƙarƙashinsa kuwa kowa ya mayar da shi sito. A kwashe komai, a share, a zuba tsakuwa, in ya yi ƙasa sosai a kewaye shi da raga. Tsakanin falankai a bi da wuƙa a fitar da ganyen da ya maƙale. Inda dandamalin ya haɗu da bango a sa fallen ƙarfe, in da hali a sauya falankan da ke kusa da bango da abin da ba ya ci.

Shingen katako kuma lagwani ne. Wuta takan kama shi can nesa, ta bi shi falanki bayan falanki har ta iso jikin gida, sau da yawa daidai ƙarƙashin bakin rufi. Ba sai ka rushe shi duka ba. Mita ɗaya da rabi na ƙarshe, inda ya taɓa gida, ka mayar da shi ƙofar ƙarfe ko ginin bulo, ka kuma riƙa share gindin sauran.

Daga nan zuwa mita 30

Dokar Kalifoniya ta wajabta gyara fili har ƙafa 100, wato kamar mita 30, a kewayen gida. A wuraren haɗari na kudancin Faransa mita 50 ne. Mutane sukan ji wannan su ɗauko zarto su ce za a sare komai. Ba haka ake nufi ba. Fili tsirara yana ba iska hanya, kuma ciyawa da ƙananan tsirrai masu saurin kamawa su ne ke maye gurbin bishiyar da aka sare. Abin da ake so shi ne a yanke wa wuta hanya, a kwance da kuma a tsaye. A kwance: bishiyoyi su zama tsibiri-tsibiri, da tazarar kamar mita 3 tsakanin kawunansu, fiye da haka a kan gangare, hanyar mota ko ta ƙafa ta ratsa tsakani. A tsaye: kada a bar mata matakala daga ciyawa zuwa kurmi zuwa reshe. A sassabe rassan ƙasa har tsayin mita 2, amma kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙaramar bishiya, a cire ƙananan itatuwan da ke ƙarƙashin manya. Ciyawa kada ta wuce santimita 10 idan ta bushe. Kuma a yanke ta da sassafe. Injin yankan ciyawa da ya bugi dutse da rana tsaka ya sha tayar da gobarar da ake gudu.

Tarin itace, rumfar ajiya, ɗakin kaji, tsohuwar mota: a matsar da su mita 10 daga gida. Babbar tukunyar gas ta zauna a kan siminti ko tsurar ƙasa, babu ciyawa kusa, bakin da take fitar da iska idan ta yi zafi ya kalli nesa da gini.

Idan gidajenku a matse suke, mitocin nan 30 sun faɗa cikin filin maƙwabci, nasa kuma sun faɗo cikin naka. Gobarar Marshall a jihar Kolorado ta Amurka, ranar 30 ga Disamba 2021, daga ciyawa ta faro, cikin sanyi, iska mai gudun fiye da kilomita 160 a awa ta kora ta cikin unguwanni, ta ci gidaje fiye da 1,000. Da ta shiga gari, gida ne ke kunna gida. Gidan da ke ci yana daɗewa yana huci fiye da daji, garwashinsa kuma manya ne. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. A wannan harka gara ku shafa tare tun kafin ya kama. Ka je ka same shi da magana mai daɗi, ka ce za ka kawo tsani ku share gotarsa da taka rana ɗaya.

In sabon gini ne

Tun ran gini ran zane. Abin da zai ci kuɗi da wahala a tsohon gida, a sabo zaɓi ne kawai a kan takarda. Fara da wurin: wuta tana gudu idan tana hawa, gudunta yakan ninka a duk ƙarin digiri 10 na tudu. Gidan da aka ɗora a kan leɓen gangare don kallon kwari yana zaune ne a bakin murhu, musamman in kwazazzabo ya miƙo ta ƙarƙashinsa. A ja shi baya aƙalla mita 10 daga leɓen, fiye da haka in bene ne. Siffar gidan ta zama mai sauƙi. Kowane lungu, kowane kwari a rufi, kowane ado da ya turo, wurin tara garwashi ne. Rufi mai fuska biyu ko huɗu ba tare da tarkace ba ya fi mai kusurwa goma sha biyu, kuma ya fi arha. Daɓen siminti a kan ƙasa ya fi daɓen da aka ɗaga aka bar iska na ratsa ƙarƙashinsa. Hanyar shiga ta zama mai faɗin da motar kashe gobara za ta shiga ta juya, lambar gida kuma a rubuta ta a kan ƙarfe inda za a gani cikin hayaƙi.

Ko waɗannan ƙa'idoji suna aiki? Kalifoniya ta fara aiki da babin dokar gini na wuraren gobara, mai lamba 7A, a 2008. A Nuwamba 2018 gobara ta cinye garin Paradise, ta kashe mutum 85, ta rushe gine-gine fiye da 18,000. Da aka bi lissafi, kusan rabin gidajen da aka gina bayan 2008 sun tsira, a cikin tsofaffin kuwa ko ɗaya cikin biyar bai kai ba. Ka karanta wannan ta fuska biyu. Bambancin babba ne. Kuma rabin sababbin ma sun ƙone.

Ruwa, da ranar da za a fita

Ana yawan tambayata game da na'urar yayyafa ruwa a kan rufi. Ba na hana ta, amma ita ce ta ƙarshe, bayan an gama duk abin da na lissafa. Ranar babbar gobara lantarki yakan ɗauke, ruwan famfo ya yi rauni saboda kowa na ja, iska kuma ta kwashe yayyafin ta kai wani wuri. In za ka yi, sai da tankinka na ƙarfe ko na kankare, da injin da ke aiki da fetur ko dizal wanda aka kare shi daga zafi, da bututun ƙarfe a duk inda yake a fili. Hukumar kashe gobara ta jihar Biktoriya a Ostareliya tana maganar aƙalla lita 10,000. Tankin roba yakan narke daga saman inda ruwa ya tsaya.

Duk wannan gyara ana yin sa ne don gidan ya iya tsayawa ba ka nan. Kada ya sa ka zauna. A gobarar 7 ga Fabrairu 2009 a Biktoriya mutum 173 suka mutu, fiye da rabinsu a cikin gidaje. A Pedrógão Grande ta ƙasar Fotugal, a Yuni 2017, mutum 66 suka mutu, da yawansu a kan titi guda, cikin motoci, suna gudu a makare. Fita da wuri ita ce mafita, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: takardu da magunguna su kasance a jaka ɗaya, mota ta kalli waje, kowa a gidan ya san hanya biyu. In akwai sauran lokaci, kuma hukuma ba ta ce a fita nan take ba, minti goma sun isa a rufe tagogi da ƙofofi duka, a kashe gas, a janye labule daga jikin gilashi, a shigar da kujeru da matasai da tabarmar goge ƙafa cikin ɗaki, a bar fitilun waje a kunne. Tabarmar bakin ƙofa ta sha zama mafarin ƙonewar gida sukutum.

Bara na koma duba wani gida da na yi wa aiki shekara biyu da suka wuce. Ragar tana nan, tsakuwar tana nan, gilashin ƙalau. A jikin bango kuwa, daidai ƙarƙashin kafar shan iska, an jera itace tsaf har ƙugu, an ɗora kwali a kai don kada raɓa ta jiƙa shi. Maigidan ya fito yana murmushi ya ce, "Malam, na ɗan lokaci ne, can ya yi nisa da dare." Na ce masa ya kawo baro. Sawu bakwai muka yi.